Maganin da ake yi da ƙwayoyin jikinka: me ya sa sai an gina musu gida kafin su yi aiki?

Labari iri biyu ne ke yawo a wayoyin mutane, kuma da yawa sun ɗauka abu ɗaya ne. Na farko daga kafafen yaɗa labarai yake: an warkar da masu sikila a Amurka da Ingila ta hanyar ɗibar ƙwayoyin jikinsu, a gyara, a mayar musu. Na biyu saƙon murya ne a WhatsApp, wata baiwar Allah tana tallan garin magani a 'yar leda, wai shi "sitem sel", a zuba a ƙarƙashin harshe da safe, yana maganin suga, shanyewar ɓarin jiki, rashin haihuwa, har da ciwon ƙoda. Wata gwaggona ta turo min na biyun, ta haɗa da tambayar da ta fi ƙarfin mai tallan: in har ƙwayoyin jikin mutum na warkar da shi, me ya hana a ɗiba a yi masa allura kawai ya tafi gida? Me ya kai kuɗin abin miliyoyin daloli? Kuma don me aka ci nasara a kan kansar jini, amma ciwon suga har yau ana ta "an kusa, an kusa"?

Amsar ba a jikin ƙwayar take ba kaɗai. Kaso mai yawa nata yana wajen wani fanni da ba a cika yi masa kanun labarai ba, wato ilimin kayan da ake rainon ƙwayar a kansu, ake ɗaukarta a cikinsu, ake kuma zaunar da ita da su a jikin mutum.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Ƙwayar halitta ita ce ƙaramin tubalin da aka gina jiki da shi, mai rai, tana ci tana numfashi tana rabuwa biyu. Ƙwayar gado kuwa rubutaccen umarni ce da ke cikin kowace ƙwayar halitta, wanda ake gada daga uwa da uba. A Hausar rediyo sau da yawa suna ɗaya ake ba su, shi ya sa zancen ke rikicewa. Akwai kuma ƙwayoyin asali, waɗanda ba su riga sun zaɓi sana'a ba: za su iya zama jini, ko fata, ko ƙashi. Su ne ainihin abin da mai tallan can ta ari sunansa.

Magani da ƙwayoyin halitta yana nufin a sa wa majiyyaci ƙwayoyi masu rai su yi aikin da ƙwayar magani ba za ta iya ba. Ba baƙon abu ba ne: ƙarin jini ma kakansa ne, haka dashen ɓargo. Idan daga jikin majiyyacin aka ɗebo, aka sarrafa dominsa shi kaɗai, to shi ne ake cewa maganin mutum ɗaya.

Sai kayan zama da jiki. Duk wani abu da aka ƙera ko aka tace domin ya zauna cikin jiki, ko ya haɗu da nama mai rai ba tare da ya cutar ba, yana cikin wannan rukuni. Duk wanda aka yi wa tsohonsa aikin yanar ido ya san ɗaya: ɗan gilashin robar nan da ake sakawa a madadin wanda ya dushe. Wani likitan ido a Landan, Harold Ridley, shi ya fara saka shi a 1949, bayan ya lura cewa matuƙan jiragen yaƙin da ɓurɓushin robar tagar jirgi ya shige musu ido suna zaune da shi lafiya, idon bai yi bore ba. Zaren ɗinkin da ke narkewa da kansa bayan tiyata shi ma ɗan gidan ne.

Mai lambu ya riga likita sani

Ka tsaya wajen masu sayar da dashen mangwaro a bakin titi. Ba za ka ga an tumɓuke ɗan itace an karkaɗe saiwarsa an miƙa maka ba. A cikin baƙar leda yake, da ƙasarsa da takinsa da danshinsa. In ka kai gida ka yaga ledar a hankali, ka binne shi da dunƙulen ƙasar, sannan ka zagaye shi da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki. Wanda ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan, ko da irin ya fi kowane iri kyau, kwana uku zai tarar da tsinke.

Haka ƙwayar halitta take. A cikin jiki ba a iska take shawagi ba. Tana manne ne da wata saƙa ta furotin da sukari wadda ke riƙe ta, tana kuma ba ta labarin inda take. Yawancin ƙwayoyin da suka saba zama a manne, idan aka raba su da wannan saƙa, sukan kashe kansu da kansu. Ga wahalar ratsa bakin allura, wadda ke yaga wasu. Waɗanda suka tsira kuma wurin da ake kai su ba wurin hutu ba ne: zuciyar da ta sami bugu ko raunin da ya kumbura, babu isasshen jini, ga sojojin garkuwar jiki a fusace. Shi ya sa a gwaje-gwajen da aka yi ta yi na yi wa zuciya allurar ƙwayoyi, mafi yawansu kan mutu ko su watse tun a kwanakin farko.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne ƙwayar tana jin taurin shimfiɗar da aka ɗora ta. A 2006 Adam Engler da Dennis Discher, a Jami'ar Pennsylvania, sun ɗauki ƙwayoyin asali iri ɗaya daga ɓargon mutum, suka shimfiɗa su a kan daskararren ruwa mai tauri daban-daban. Na kan mai laushi kamar ƙwaƙwalwa suka fara ɗaukar kamannin ƙwayoyin jijiya. Na kan matsakaici suka karkata ga tsoka. Na kan mai tauri suka nufi ƙashi. Abinci ɗaya aka ba su, shimfiɗa kawai ta bambanta. Tun daga nan aka daina kallon kayan a matsayin mazubi kawai. Umarni ne suke bayarwa.

Sannan ga dokar da babu mai tsallake ta. Ƙwayar da ta yi nisa da siririyar hanyar jini fiye da kashi ɗaya cikin biyar na milimita, wato kaurin gashi biyu ko uku, iskar oksijin ba za ta isa gare ta ba. Ku riƙe wannan, domin ita ce ta kayar da manyan kamfanoni.

Da me ake gina gidan?

Wasu kayan a kicin ma an san su. Idan aka dafa ƙafar sa ko ganda aka bar romon ya kwana, da safe za a tarar ya daskare yana rawa. Kolajin ne ya narke ya sake kamawa, furotin ɗin da ya fi kowane yawa a jikinmu. Tatacce daga cikinsa shi ake yin shimfiɗar ƙwayoyi da shi. Akwai fibrin, ragar da jini ke saƙawa idan zai daskare a bakin rauni. Akwai aljinet, da ake tatsa daga wata ciyawar teku, wanda da zarar ya haɗu da sinadarin kalsiyam sai ya dunƙule. Shi ne likitan haƙori ke cusa maka a baki don ɗaukar zubin haƙora, yana kuma cikin maganin ƙwarnafi na Gaviscon. Akwai robobin da ke narkewa a jiki, dangin zaren ɗinki. Akwai kuma dabarar da ta yi kama da yin soson wanka: a ɗauki gaɓa a wanke ta da sinadarai har duk ƙwayoyinta su fita, a bar saƙar zalla, a zuba sababbi. Doris Taylor da abokan aikinta sun yi haka da zuciyar ɓera a Jami'ar Minnesota a 2008, har ta ɗan motsa.

Kowanne da aibinsa. Na halitta ƙwayoyi na son su, amma kwaɓin yau ba ya zama daidai da na gobe. Na roba ana iya auna komai nasu, amma ƙwaya ba ta gane su sai an liƙa musu alamun da ta sani. Abin da ɗakunan bincike suka fi dogara da shi shekara da shekaru wajen rainon ƙwayoyin asali, Matrigel, daga ƙarin kansar ɓera ake samo shi. Babu hukumar da za ta so a tura irin wannan cikin jikin ɗan Adam, don haka neman madadinsa ya zama fanni mai zaman kansa.

Inda abin ya riga ya yi aiki

Duk nasarorin farko sirara ne kuma shimfiɗaɗɗu, kuma dokar oksijin ɗin nan ce dalili.

A Italiya, Graziella Pellegrini da Michele De Luca sun yi shekaru suna aiki a kan idon da sinadari ya ƙona, irin ƙunar ruwan batir ko farar ƙasa. A gefen baƙin ido akwai wani siririn zobe da ke ɗauke da ƙwayoyin asali masu sabunta fatar gaban ido. In ƙuna ta cinye su, ido ya rufe da farin tabo. Sai su yanki ɗan abin da bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba daga inda ya tsira, su raine shi a kan faifan fibrin, su ɗora a kan idon. Fibrin ɗin ya narke, ƙwayoyin su zauna. A rahotonsu na 2010 a kan majiyyata 112, kusan kashi uku cikin huɗu sun dace. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2015 da sunan Holoclar.

A wannan shekarar aka kwantar da wani yaro ɗan Siriya mai shekara 7 a asibitin Bochum da ke Jamus. Yana da ciwon gado da ke sa fata saluɓewa da ɗan gogawa kaɗan, kuma fiye da rabin fatarsa ta tafi. Likitoci sun kai ga shirin rage masa zafi kawai. Aka yanki fata mai faɗin santimita huɗu murabba'i, aka aika Modena wajen De Luca, aka gyara ƙwayar gadon da ta lalace, aka raini fata fale-fale, yawanci a kan fibrin, har kusan mita ɗaya murabba'i. Aka lulluɓe kusan kashi 80 cikin 100 na jikinsa. A Fabrairun 2016 ya bar asibiti, ya koma makaranta.

Na gwiwa kuma, MACI, Amurka ta amince da shi a Disambar 2016: a ɗebi guringuntsin mutum, a yawaita ƙwayoyinsa, a shuka su a kan 'yar shimfiɗar kolajin, likita ya yanka daidai ramin ya liƙa. Za mu dawo kan inda ake samo wannan kolajin.

Kansar jini, da masana'antar da ake son ƙanƙancewa

A 2012 wata yarinya mai shekara 6, Emily Whitehead, tana kwance a asibitin yara na Philadelphia da kansar jinin da ta ƙi jin kemo. Tawagar Carl June ta ɗebi sojojin jininta da ake kira ƙwayoyin T, ta saka musu sabuwar ƙwayar gado mai koya musu gane kansar, aka yawaita su aka mayar mata. Saura ƙiris maganin ya kashe ta, don sojojin sun tayar da zazzaɓi da kumburin da ya kai ta ɗakin masu rai kwakwai mutu kwakwai. Wani maganin amosanin gaɓɓai ne ya kwantar da tarzomar. Ta farfaɗo, kuma ta haura shekara goma babu kansar. Wannan dabara ita ce CAR-T. A Agustan 2017 aka amince da na farko, Kymriah na kamfanin Novartis, a kan dala 475,000.

Me ya sa wannan ya yi nasara da wuri? Domin ƙwayoyin jini matafiya ne, ba sa buƙatar shimfiɗa, kuma abokin gabar a cikin jinin yake. Amma ko a nan kayan na nan a ɓoye. Ƙwayar T ba ta tashi aiki sai wata ƙwayar ta taɓa ta ta yi mata ishara. A masana'anta ana yaudararta ne da wasu 'yan duwatsun roba masu ƙarfe a ciki, girmansu kusan na ƙwayar, an shafe su da alamun da take jira. In sun gama aiki a janye su da maganaɗisu.

Tsadar daga tafiyar take. A tace jinin majiyyaci, a daskarar da shi, a sa a jirgi zuwa masana'anta, ma'aikata sanye da rigar da ta rufe su ruf su yi kwanaki suna reno, a gwada tsafta, a sake daskarewa a cikin sanyin ruwan naitirojin, a dawo da shi. Mako uku zuwa huɗu, kuma duk wannan don mutum ɗaya tak. Wasu majiyyatan ba sa kai ranar dawowar jakar.

A nan ne masu kayan suka shigo da tunani mai ƙarfi. A 2022 Pritha Agarwalla da Yevgeny Brudno, a jihar North Carolina, sun ƙera ɗan soson aljinet, suka zuba masa alamun tayar da ƙwayar T, da abincin girmanta, da bairos ɗin da ke kai sabuwar ƙwayar gado. A ɗiga ƙwayoyin a kai, a dasa soson a ƙarƙashin fata a ranar. Renon makonni ya koma cikin jiki. A Seattle kuma Matthias Stephan ya gwada ɗora soso cike da sojoji a daidai inda aka yanke ƙari, domin kansar da ke dunƙule, irin ta mama ko ta hanji, ta san yadda take tare ƙofa ta gajiyar da sojan da ya zo ta jini. Duka biyun a ɓeraye aka nuna su. Ina maimaitawa saboda masu kanun labarai kan manta: a ɓeraye. An sha warkar da ɓera daga kansa, abin ya zo kan mutum ya sha ƙasa.

Wasu ma sun ce a bar fitar da ƙwayar gaba ɗaya. A ɗauki 'yan ƙunshin kitsen nan da aka yi rigakafin korona na Pfizer da Moderna da su, a cika su da umarni, a liƙa musu adireshin ƙwayar T, a yi allura. An nuna hakan a ɓeraye a Jami'ar Pennsylvania a farkon 2022, kuma a 2025 kamfanin AbbVie ya amince ya biya har dala biliyan 2.1 don sayen wani ƙaramin kamfani mai wannan aiki, Capstan. Kuɗi ba hujja ba ne, amma yana nuna inda masu shi suka sa ido.

Ciwon suga: shingen da ya zama kurkuku

Nan ne labarin ya fi ɗaci, ya kuma fi koyarwa. A ciwon suga nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara, garkuwar jiki ce da kanta ke kashe ƙwayoyin da ke yin insulin, waɗanda ke zaune a dunƙule kamar 'yan tsibirai a cikin fankiriyas, gaɓar da ke kwance a bayan tumbi. A 2000 James Shapiro, a Edmonton ta Kanada, ya dasa wa mutum bakwai irin waɗannan tsibirai daga mamata, dukansu suka ajiye allura. Amma sai da shan maganin danne garkuwa har abada, wanda ke buɗe ƙofa ga cututtuka, yana kuma wahalar da ƙoda. Yaron da insulin ke riƙe da shi lafiya, wa zai musanya masa da wannan?

Mafitar a takarda mai sauƙi ce: kwandon mai lambu. A sa ƙwayoyin a cikin ƙunshi mai ƙananan huji, sukari da oksijin su shiga, insulin ya fita, sojoji su tsaya a waje. Franklin Lim da Anthony Sun sun nuna hakan da aljinet a ɓeraye tun 1980. Yau fiye da shekara arba'in ke nan.

Abin da ke faruwa shi ne jiki ba ya barin baƙo haka kawai. In ya kasa cinye abu, sai ya gine shi. Cikin makonni ya naɗe ƙunshin da tabo mai kauri, kamar yadda yake yi wa ƙayar da ta karye a tafin ƙafa. Awaki ba su shiga ba, gaskiya ne, amma ruwa da iska ma ba su shiga ba. Ga shi ƙwayoyin insulin mayunwatan oksijin ne, kuma dubu ɗaruruwan tsibirai ake buƙata ga mutum guda. In ka matse hujin ƙwayoyi su shaƙe, in ka buɗe sojoji su shiga. Gaba kura, baya sayaki.

An gwada dabaru. Masu bincike a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, ƙarƙashin Daniel Anderson da Robert Langer, sun tace nau'in aljinet kusan 800 suna neman wanda jiki ba zai tsana ba, suka kuma gano wani abin da ba a zata ba: ƙunshi mai faɗin milimita ɗaya da rabi ya fi ƙanana tsira daga tabo. Kamfanin da aka kafa a kan wannan aiki, Sigilon, ya kai ga gwaji a mutane masu ciwon rashin daskarewar jini, amma a 2021 aka dakatar, aka kuma tarar tabo ya naɗe ƙunshin. Kamfanin Vertex kuma ya bi hanya biyu a lokaci guda. Ƙwayoyin da ya raina daga ƙwayoyin asali ya zuba tsirara tare da maganin danne garkuwa sun yi abin mamaki: a rahoton 2025, mutum 10 cikin 12 sun daina allurar insulin bayan shekara. Ƙwayoyin nan dai, da aka sa su a cikin akwatin kariya, ba su fitar da insulin ɗin kirki ba, kuma a Maris na 2025 kamfanin ya rufe wannan gwajin. Iri ɗaya, gida daban.

A watan nan na Maris ɗin kuma Amurka ta amince da Encelto, ɗan ƙunshi kamar ƙwayar shinkafa mai ɗauke da ƙwayoyi masu rai, da ake dasawa cikin ido saboda wata cutar bayan ido da ba a cika gani ba. Ya yi aiki ne don ido wuri ne da garkuwar jiki ba ta cika zafi ba, kuma abin da ake so ƙwayoyin su fitar kaɗan ne. Wato dabarar ba ƙarya ba ce, nauyin suga ne ya fi ƙarfinta zuwa yanzu.

Mutum zai ce to a yi da ƙwayoyin majiyyacin mana. Tun da Shinya Yamanaka na Japan ya nuna a 2006 cewa ana iya mayar da ƙwayar fata ta koma ƙwayar asali, ƙofar ta buɗe. A 2024 tawagar Deng Hongkui ta Jami'ar Peking ta ba da rahoton wata mata mai shekara 25 daga Tianjin, wadda aka yi wa tsibiran insulin daga kitsen jikinta aka dasa a tsokar cikinta, ta daina allura cikin wata biyu da rabi. Sai dai dama tana shan maganin danne garkuwa saboda dashen hanta da aka taɓa yi mata. Kuma tun farko ai nata ƙwayoyin garkuwar ta kashe. Kasancewar ƙwaya taka bai sa sojan da ya riga ya ɗauke ta abokiyar gaba zai sake ra'ayi ba.

Ɗinkin tela ko rigar kanti?

Masana sun rabu a nan. Masu goyon bayan ɗinkin tela suna cewa abin da aka yi da jikinka shi ya fi zama daidai, ba a ƙin sa, yana daɗewa. Masu rigar kanti, wato ƙwayoyin masu bayarwa da ake tanada don kowa, suna cewa ɗinkin da ake yi wa mutum ɗaya ba zai taɓa isar miliyoyi ba. Dashen farko da aka yi da ƙwayoyin Yamanaka, a idon wata dattijuwa a Kobe a 2014, ya ci watanni da kuɗin da ya kusa dala miliyan ɗaya, shi ya sa Japan ta koma tara ƙwayoyin masu bayarwa a rumbu.

A ganina, kayan ne za su raba wannan gardama, ba ƙwayoyin ba. In aka sami shingen da jiki bai gine ba, rigar kanti ta ci. In soso ko ƙunshin kitse ya mayar da masana'anta cikin jiki, ɗinkin tela ya yi araha. Indiya ta riga ta nuna farashin ba saukakke ba ne daga sama: a Oktoban 2023 ta amince da nata CAR-T ɗin, NexCAR19, wanda ya fito daga haɗin gwiwar cibiyar fasaha ta IIT Bombay da asibitin kansa na Tata, a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na farashin Amurka.

Abin da ya faru a Karolinska

A Yunin 2011 wani likitan tiyata, Paolo Macchiarini, ya saka wa wani ɗalibi ɗan Iritiriya bututun numfashi na roba a asibitin Karolinska da ke Suwidin, bayan ya jiƙa robar da ƙwayoyin ɓargon ɗalibin. Duniya ta yi ta tafi. Ba a gwada abin yadda ya kamata a dabbobi ba tukuna. Ƙwayoyin ba su kama ba, robar ta zauna a maƙogwaro tana tara ƙwayoyin cuta tana saki. Ɗalibin ya rasu a 2014, sauran biyun da aka yi wa a can su ma sun rasu. Likitocin da suka fallasa sun sha matsi kafin a saurare su. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke wa Macchiarini ɗaurin shekara biyu da rabi. Wannan a cibiyar da ke zaɓen wanda za a ba kyautar Nobel ta likitanci ke nan.

A Florida ma, wasu tsofaffin mata uku sun biya dala 5,000 kowacce aka yi musu allurar ƙwayoyin kitsen jikinsu a ido biyu. Ɗaya ta makance ɗungurungum, sauran suka rasa mafi yawan ganinsu. Da jikinsu aka yi. Kalmar "naka ne" ba ta hana komai ba.

Garin 'yar leda kuwa bai ma kai matsayin wannan haɗari ba. Ƙwayar da aka busar ta zama gari matacciya ce. Yawancin irin waɗannan kaya daga tuffa ko inabi ake cewa an samo su, kuma ƙwayar tuffa ba ta zama ƙoda. Cutarwarsa ita ce kuɗin da ya ci, da maganin asibitin da mai suga ya ajiye saboda shi.

Batun alade

Shimfiɗar MACI kolajin ɗin alade ce, kuma ba ita kaɗai ba: kayan tiyata da dama daga alade ko saniya suke. Musulmi zai tambaya, kuma hakkinsa ne likita ya gaya masa kafin a yanka. A wani taron malamai da likitoci da Ƙungiyar Musulunci ta Ilimin Likitanci ta shirya a Kuwait a 1995, an tafi a kan cewa abin da ya rikiɗe ya bar asalinsa, kamar jelatin da ake samu daga narkakken kolajin, ya halatta, bisa ƙa'idar istihala. Wasu malaman ba su gamsu cewa rikiɗar ta cika ba, sun tsaya a kan sai da larura da rashin madadi. Madadin kuma yana ƙaruwa: kolajin na kifi, da wanda ake sa yis ya ƙera a tulun masana'anta, da aljinet da asalinsa ciyawa ce.

Mai sikila fa?

Nan ne zancen ya taɓa gida kai tsaye. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne jarirai kusan 150,000 a shekara. Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo a Disamba, maganin mutum ɗaya ne na gaske: a ɗebi ƙwayoyin asalin jini, a gyara su don su koma yin jinin jarirai wanda ba ya lanƙwashewa, a mayar. Farashinsa dala miliyan 2.2, biliyoyin naira ke nan, ban da kuɗin asibiti. Kuma kafin a mayar sai an share tsohon ɓargo da kemo mai ƙarfi, wanda kan hana haihuwa, a kuma killace mutum makonni a ɗakin da ba a yarda ko ƙura ta shiga ba, inda wuta ba ta ɗaukewa.

Ko da kamfanin ya ba da shi kyauta, wannan tsari ba zai isa ga yaron da ke Gumel ko Tasawa ba. Hanyar da za ta iya isa ita ce ta ƙunshin kitsen nan: allurar da za ta nemi ɓargo da kanta ta yi gyaran a ciki, ba jirgi, ba naitirojin, ba kemo. Cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka da Gidauniyar Gates sun sanar a 2019 cewa kowannensu zai zuba dala miliyan 100 a neman irin wannan magani na sikila da ƙanjamau, mai araha ga Afirka. A 2023 masu bincike a Philadelphia sun nuna ƙunshin da ya kai saƙo ga ƙwayoyin ɓargon ɓera, ya kuma gyara ƙwayoyin masu sikila a faranti.

Abin da ke hannu a yau shi ne dashen ɓargo daga ɗan'uwan da jininsu ya dace, wanda aka fara yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011 ƙarƙashin Nosakhare Bazuaye, aka kuma buɗe wani shirin a asibitin koyarwa na Legas a 2024. Ga mafi yawan iyalai kuma, gwajin jini kafin aure, da gwajin jariri da wuri, da fenisilin, da gidan sauro, da maganin haidiroksiyuriya, wanda a asibitin Malam Aminu Kano aka gwada shi wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki.